Kyanwa, Ƙuma da Ɗakin Uwargida

   

Tun da damina ta kankama saƙonninku suke ta shigowa a kan magana guda. Wannan ta ce ƙafafun 'ya'yanta sun yi ruɗu-ruɗu da ƙuraje, alhali a cikin gidan sauro suke kwana. Waccan ta ce ta kwance gado ta zazzage katifa, ba ta ga kuɗin cizo ko ɗaya ba, amma ko salla ta tayar sai ta ji abu yana cizon ta a idon sawu. Wata kuma ta ce magenta ta rame, wuni take yi tana susa har gashin bayanta ya fara zubewa, maigida ya ce gobe za a sa ta a buhu a kai ta bayan gari. To, 'yan uwa, duk waɗannan koke-koke kan abu ɗaya suke nunawa, wato ƙuma. Ita za mu tattauna yau. Ke kuma mai shirin buhu, ki ba maigida haƙuri ya dakata tukuna, sai kin ji ƙarshen zancen nan.

Mu fara da sanin ta. Ƙuma 'yar mitsitsiyar halitta ce, ba ta kai ƙwayar riɗi ba, launinta ja mai duhu, jikinta a matse yake ta gefe da gefe don ta ji daɗin ratsa gashi. Ba ta da fiffike, tsalle ne sana'arta, kuma tana iya yin tsallen da ya ninka tsawon jikinta sau 100. Shi ya sa in kin kai hannu za ki kama ta sai ki ga wayam. Bambancinta da kuɗin cizo a fili yake. Kuɗin cizo falale yake, ba ya tsalle, a maƙoƙon gado da ɗinkin katifa yake ɓuya, sai dare ya yi ya fito ya cije ki a wuya ko a damtse. Ƙuma kuwa ba ruwanta da dare ko rana, kuma daga ƙasa take tasowa, don haka cizonta ya fi yawa a idon sawu da ƙwauri, ƙananan ƙuraje jajaye, sau da yawa biyu ko uku a kusa da juna, ga ƙaiƙayi kamar me. Yaro mai rarrafe kuwa, da yake duk jikinsa a ƙasa yake, za ki gan su a cikinsa da ƙugunsa da cinyoyinsa.

Yaya za ki tabbatar kyanwarki na ɗauke da ita? Kada ki ce sai kin gan ta da ido, don kyanwa mai tsafta ce, tana lashe da yawa daga ciki ta haɗiye. Ki samo farin tsumma ki jiƙa shi ki shimfiɗa, ki ɗora kyanwar a kai, ki sa mataji mai ƙananan haƙora, irin wanda muke cire wa yara ƙwarƙwata, ki taje ta daga wuya zuwa gindin wutsiya. Za ki ga wani baƙin gari yana zubowa kamar an daka masoro. Ki jira minti ɗaya. In ƙasa ce kawai, baƙa za ta zauna. In kuwa kika ga ɗigon yana narkewa yana komawa ja, to kashin ƙuma ne, jinin kyanwar ne da ta sha ta fitar, ya bushe. Waɗanda suka yi karatun Risala a Islamiyya za su tuna an kawo mas'alar jinin ƙuma a tufafin salla, da rangwamen da aka yi a kan kaɗan daga cikinsa. Kin ga ke nan ba yau aka fara fama da wannan aba ba.

Yanzu ki ajiye abin da ke hannunki ki ba ni kunnenki, domin nan ne gaɓar da mafi yawanmu muke faɗuwa. Ƙumar da kike gani a jikin kyanwa ita ce 'yar kaɗan. Rundunar tana ƙasa, a tsakar ɗakinki.

Ga yadda abin yake. Ta macen ƙuma, da ta sha jini, cikin kwana 1 zuwa 2 za ta fara saka ƙwai, kuma a rana guda tana iya saka 40 har zuwa 50. Ƙwan nan ba irin na ƙwarƙwata ba ne da ke liƙe wa gashi. Santsi gare shi, fari ne kamar garin gishiri, yana gangarowa ya faɗi duk inda kyanwa ta kwanta ko ta girgije: a kan kafet, a lungun kushin, a ƙarƙashin gado, a kan tabarmar da kike shimfiɗa wa jariri. Ki ɗauka kyanwar nan kamar mace ce mai tafiya da ƙwaryar gero da ta huje. In mata 10 ne kawai a jikinta, kowace ta saka ko 30 a rana, kin ga ƙwai 300 ke nan a wuni, a mako sun haura 2,000.

Bayan 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe, sai wata siririyar farar tsutsa ta fito. Ba ta cizo, ba ta son haske, sai ta nutse cikin gashin kafet, ko tsagar daɓe, ko ƙarƙashin ledar ɗaki inda ƙura ke taruwa. Abincinta kuwa shi ne wancan baƙin garin da muka gani a kan tsumma. Wato uwar tana can bisa kyanwa tana zubo wa 'ya'yanta abinci. Ikon Allah! Bayan mako 1 zuwa 2 sai tsutsar ta saƙa wa kanta wani ɗan ƙwanso mai danƙo, ƙura ta lulluɓe shi, ko kin kalle shi ba za ki bambanta shi da datti ba. A cikin ƙwanson nan take rikiɗa ta zama cikakkiyar ƙuma. Idan akwai ɗumi da laima, tun daga ƙwai har zuwa ƙuma mai cizo mako 3 ya isa. Idan kuwa ba ta ji motsin kowa ba, sai ta yi lamo a ciki, tana iya yin watanni tana jira. Takun ƙafa, ɗumin jiki da hucin numfashi su ne ke tada ta. Kuma maganin feshi da ƙyar yake ratsa ƙwanson nan.

Masana sun ƙiyasta cewa in aka tattara duk ƙumar da ke cikin gida aka kasa ta kashi 100, kashi 5 ne kawai manya masu cizo. Kimanin kashi 50 ƙwai ne, 35 tsutsa, 10 suna cikin ƙwanso. To in kin wanke kyanwa tas kika bar ɗaki, ai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Wannan shi ne amsar ke da kika ce kin je wankan gida kin yi arba'in, ɗakinki a kulle, ranar da kika dawo kika buɗe ƙofa sai ga baƙaƙen abubuwa sun yi wa ƙafarki caa. Ba wanda ya yi miki ture, ba kuma kishiya ba ce. Suna cikin ƙwansonsu ne suna jiran motsi, kika zo kika taka. Shi ne kuma amsar mai shirin buhu. Muddin kyanwa na cikin gida, ita ƙuma ta fi so, jininta take nema. Ranar da aka fitar da ita, dubban da ke ƙasa za su ci gaba da fitowa, su duba ba kyanwa, sai su koma kan wa? Kan ki da 'ya'yanki. Cizon ma sai ya fi na da yawa na ɗan lokaci. Ga ɓeraye kuma sun samu sake, su dawo cikin buhun masara da kwandon tuwo. Kar mu manta, zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a garin Lassa ta jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera a cikin abinci yake kama mutum, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa a cikin hanyoyin rage ɓera a gida. An gudu gara an faɗa wa zago ke nan. Bayan haka akwai haƙƙi. Duk mun sha ji a wa'azi labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare da yunwa, yana cikin Buhari da Muslim. Dabbar da ta yi shekaru tana tsare miki rumbu, ba ranar da ciwo ya same ta ya kamata a ƙulle ta a buhu ba.

Wata za ta ce, to ai cizo ne kawai, a sosa ya wuce. A'a, akwai abin da ya fi haka. Yaro ya yi ta susa da farce mai datti, ƙurji ya fashe ya yi ruwa, ya zama gyambo. Sannan akwai wata tsutsar ciki mai faɗi da ke shiga jikin ƙuma tun tana tsutsa. Kyanwa ta lashe ƙumar ta haɗiye, tsutsar ta girma a hanjinta, sai ki riƙa ganin wasu farare-farare kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta ko a inda take kwanciya. Ɗan yaro mai rarrafe, wanda komai ya tsinta sai baki, shi ma in ya haɗiyi ƙumar yana iya kamuwa. In kin ga irin wannan a kashin yaro ko a wandonsa, kada ki firgita, akwai maganinsa a asibiti, a kai shi kawai. Haka nan kashin ƙuma yana maƙalewa a faratan kyanwa, in ta yakushi mutum wata ƙwayar cuta tana iya shiga, bayan mako 1 zuwa 3 a ga kaluluwa ta fito a hammata ko a wuya, wani lokaci da zazzaɓi. Saboda haka duk yakushi, komai ƙanƙantarsa, a wanke shi nan take da ruwa da sabulu. Su kuma 'yan jariran kyanwa, ƙuma tana iya shanye musu jini har su mutu. Ki ɗaga leɓen ɗan ki duba dasashinsa, in ya yi fari fat maimakon ja-ja, abin ya yi nisa.

Ƙumar ɓera kuwa, wadda jinsinta daban yake da ta kyanwa, ita ce mai mummunan tarihi. Ita ta yaɗa annobar da ta ci miliyoyin mutane a Turai tsakanin 1347 da 1351. An yi irinta a Legas daga 1924 zuwa 1931, a Madagaska ma a 2017 mutum sama da 2,000 suka kamu, kimanin 200 suka rasu. Ban kawo wannan don in tada miki hankali ba, abin da nake so ki ɗauka ɗaya ne: in ɓera ya mutu, da jikinsa ya fara sanyi ƙumar da ke kansa take watsewa neman wani jinin. Don haka kar ki bar yara su ja mushen ɓera ta wutsiya suna wasa da shi. A kwashe shi da shebur ko da leda a hannu, a binne ko a ƙone.

To, mu zo ga magani. Amma kafin in faɗi abin da za a yi, bari in faɗi abin da ba za a yi ba, don wallahi wannan ya fi damu na a kan ƙumar kanta.

Na san yadda abin ke faruwa. Kina cikin gida, ga yara na kukan ƙaiƙayi, sai ki ji mai tallan magani da lasifikarsa a ƙofar gida yana kirarin maganin ɓera, kyankyaso, kuɗin cizo, duk kwalba ɗaya. Ki kira almajiri ko ɗan aike ki ba shi kuɗi, ya dawo miki da fiya-fiya a cikin kwalbar da ba ta da ko takarda. 'Yar uwa, abin nan guba ce ta gona. Galibi sinadarin da ke ciki shi ne wanda ake rubuta wa DDVP a jikin kwalaben feshin amfanin gona, shi ne kuma ke cikin Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna tun 2019. Yana shiga jiki ta baki, ta numfashi, har ta fata. Kin yayyafa shi a kafet, kin rufe ƙofa da taga, da daddare kin shimfiɗa wa yara a wurin. Ko kin ajiye ragowar a ƙarƙashin gado a cikin robar lemo, yaro ya zo ya ɗaga ya kurɓa. Garin neman gira a rasa ido. In kuwa kika shafa wa kyanwa, to kin gama da ita, don duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe shi.

In ƙaddara ta faɗa, yaro ya sha ko ya zuba masa a jiki, alamominsa su ne dalalar yawu, gumi, amai, zawo, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi ya riƙa sarƙewa. Kada a ɗura masa manja, kada a ɗura masa madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, abin yana iya komawa huhunsa. A tuɓe masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti nan take, don likita ya san allurar da zai yi. Wannan magana ki yi ta da maigida tun yau, tun babu abin da ya faru, ku yi ittifaƙi cewa in irin haka ta taso ba ya nan, ya ba ki izinin fita ba sai an jira shi ba. Minti kaɗan ne tsakanin rai da ajali a irin wannan.

Sauran abubuwan da ba a sa wa kyanwa: kananzir, baƙin mai, Dettol ko Izal, ƙwallon kafur, da ruwan maganin kaska na shanu. Kada a ba ta tafarnuwa ko albasa wai don jininta ya yi wa ƙuma ɗaci, su ma lalata mata jini suke yi. Kada a ba ta farasitamol don an ga jikinta ya yi zafi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Sannan wanda ya fi yaudarar mutane: maganin ƙuma na kare. Da yawa daga cikinsu suna da wani sinadari da ake kira famitirin. Kare yana ɗaukarsa lafiya, amma hantar kyanwa ba ta iya narkar da shi, cikin sa'o'i za ki ga tana karkarwa, tana dalala, tana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Ba maganar a rage yawa ba ce, ko ɗigo ba a sa mata. Man darbejiya ma da ake ta yabo, ni ban ba ki shawarar ki shafa mata ba, an samu kyanwoyin da ya kayar.

Abin da za a yi wa kyanwa kashi biyu ne, akwai na hannunki, akwai na aike. Na hannunki shi ne mataji da wanka. Kullum, ko sau ɗaya ne, ki zauna a tsakar gida da kwanon ruwan sabulu a gefenki, ki taje ta, duk ƙumar da ta fito ki tsoma matajin a cikin ruwan. Sabulun shi ke nutsar da ita, a ruwa zalla tana iya tasowa ta tsere. Kada ki murtsuke ta da farce yadda muke yi wa ƙwarƙwata, kuma ki wanke hannu in kin gama. Wanka kuwa da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun jarirai. Ki fara yi mata zoben kumfa a wuya, domin da ƙuma ta ji ruwa kai take gudu, ta shige kunne da gefen ido. Ki bar kumfar minti 5, ki ɗauraye sosai, ki goge ta da tsumma ki sa ta a hantsi. Na san wankan mage sai an shirya, a samu mai riƙe miki ita, kuma kada a sa ƙananan yara. 'Yan jariran da ba su kai mako 8 ba, mataji da ɗan wankan nan su ne iyakarsu, a kuma busar da su maza don sanyi na kashe su.

Amma wanka na kashe na yau ne kawai, gobe wasu za su hau. Shi ya sa ake buƙatar na aike. Akwai maganin ɗigawa da ake samu a asibitin dabbobi da kantunan magungunan dabbobi, yana zuwa a cikin 'yar ƙaramar roba mai tsinin baki. Sanannu a ciki akwai Frontline da Advantage. Ki rubuta wa maigida a takarda, ko ki sa ɗan makaranta ya rubuta, a ƙara da cewa na kyanwa ake so. In ya kawo, ki duba abu uku da idonki: hoton kyanwa a jikin kwalin, lambar NAFDAC, da ranar da zai lalace. In hoton kare kika gani, a mayar. Mafi kyau ma a ɗauki kyanwar a kwali a kai wa likitan dabbobi ya auna nauyinta, ya haɗa mata da maganin tsutsar ciki, tunda su biyun tare suke tafiya. Yadda ake sawa: ki buɗa gashin ƙeyarta, daidai inda harshenta ba ya kaiwa, har ki ga fata, ki matse robar duka a kan fatar. Kada a yi mata wanka kwana 2 kafin nan da kwana 2 bayan nan. Ran da aka sa, kada yara su ɗauke ta ko ta kwana a shimfiɗarsu sai wurin ya bushe. Ana maimaitawa duk wata, aƙalla wata 3 a jere, kuma duk kyanwoyin gidan za a yi wa rana ɗaya. Masu kiwon zomo ku kiyaye, Frontline yana kashe zomo.

Kin san hikimar wannan magani? Kyanwar da aka ɗiga wa ta zama tarko mai ƙafa huɗu. Duk ƙumar da ta fito daga ƙwanso ta haye ta, za ta mutu. Saboda haka kada ki kulle ta a waje, ki bar ta ta shiga duk inda ta saba shiga. In kuma bayan mako 2 kika ga har yanzu akwai ƙuma, kada ki ce maganin jabu ne ki ƙara wani a kai, sababbin fitowa ne daga ƙasa.

Wata za ta ce kuɗin fa, ana fama da na cefane? Gaskiya ne, maganin nan ba shi da araha. In bai samu ba, mataji da aikin ɗaki su kaɗai suna rage abin ƙwarai, sai dai sun fi cin lokaci. Aikin ɗakin kuwa ba ya cin ko kwabo, kuma a nan Allah Ya ba mu makamin da mutanen ƙasashen sanyi suke saye da kuɗi, wato rana. Tsutsar ƙuma ba ta jure zafi da bushewa. Shi ya sa abin ya fi tsanani da damina, da hunturu kuwa sai ya lafa, ya maƙale a wurare masu laima kamar gindin randa, bayan ƙofar banɗaki da ƙarƙashin leda.

Ki sa rana guda ki fitar da komai. Tabarmi, darduma, buzun maigida, kafet in yana naɗuwa, matasan kushin, katifar yara, a kakkaɓe su a waje, a baza a kan siminti a tsakiyar rana tun daga hantsi har la'asar, ana juyawa. Zannuwan gado da tsumman da kyanwa ke kwanciya a kai a wanke da ruwan zafi sosai da omo. Sannan shara. Ba irin sharar nan ta tsakiyar ɗaki da muke yi in an ce ga baƙi nan ba. A ja gado, a ja kujeru, a ja kabad ɗin jere, a ɗaga bakin leda, a bi gindin bango da tsintsiya mai tauri. Na san amare ba sa son a taɓa musu jere, to ki yi haƙuri, ƙarƙashin kayan nan da ba a motsa su ba tun ranar da 'yan jere suka tafi, nan ne babban masaukinta. Sharar da kika tara kada ki zuba ta a kwandon tsakar gida, ki ƙulle a leda a fitar, ko ki juye ta a murhu. Bayan shara a goge daɓen siminti da ruwan omo. In daɓen ƙasa ne ko simintin ya farfashe, a roƙi maigida ya sa a liƙe tsagogin, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai injin zuƙar ƙura, in an kawo wuta ta yi amfani da shi, ya fi tsintsiya a kan kafet nesa ba kusa ba, amma ta zubar da abin da ya tara a waje nan take.

Babbar sharar nan sau ɗaya a mako, ƙaramar kuma kullum. Har ila yau ki ware wa kyanwa wurin kwanciya guda, ki sa mata tsohon zane a kwali ko a kwando. In ta saba da wurin, yawancin ƙwan a nan zai zuba, ke kuma duk mako ki ɗauke zanen ki tsoma a ruwan zafi. Kin tara abokan gaba a wuri ɗaya ke nan.

In abin ya yi ƙamari har sai an yi feshi, to a yi da maganin ƙwari na gwangwani mai rajista, wanda aka yi don cikin gida, a bi abin da aka rubuta a jikinsa. A fesa a ƙasa da lunguna, tunda ba sauro ake nema a sama ba. A fitar da yara, da kyanwa, da abinci, da ruwan sha, a rufe na ɗan lokaci, sannan a buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa sosai kafin kowa ya shiga. Mai juna biyu da mai goyo ba su ne za su yi feshin ba.

Kada kuma a manta da tsakar gida. Ƙumar kyanwa tana kama 'yan awaki da 'yan tumaki, tana tsotse su har su rame, don haka a riƙa kwashe takin turke, kar a bari ya taru ya yi laima. Kaji ma suna da tasu, wadda ke liƙewa a gefen ido da tukku kamar an barbaɗa baƙin gari, tana kuma kama gefen kunnen kyanwa. A share akurki, a ƙone tsohuwar shimfiɗarsa. Ku kuma da ke gidan yawa, wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Kyanwa ba ta san ɗakin uwargida da na amarya ba, ba ta san ranar girkin kowa ba, duk inda ta ga labule ta shige. In ke kin share, abokiyar zamanki ko facalarki ba ta share ba, aikin banza kika yi. Ko akwai 'yar tsama a tsakani, a ajiye ta gefe a sa rana ɗaya a yi gayya.

Ta yaya za ki san an ci nasara? Ga wata 'yar dabara. Da daddare in yara sun yi barci, ki zuba ruwa a faranti mai faɗi, ki ɗiga sabulun wanke-wanke, ki ajiye a ƙasa, ki haska shi da tocila ko fitilar caji. Ban ce kyandir ko aci-bal-bal ba, kada a je kamun ƙuma a tada gobara. Ƙuma na bin haske, za ta yi tsalle ta faɗa. Da asuba ki ƙirga, ki zubar tun yara ba su tashi ba. Farantin nan ba zai ƙarar miki da su ba, ma'auni ne. Makon farko kina iya samun 20 ko fiye, a hankali su koma 5, su koma 1. In kika yi mako 2 faranti fes, kika taje kyanwa a kan jiƙaƙƙen tsumma bai yi ja ba, to sai ki sassauta, amma ki cika watannin nan 3 na ɗigawa, saboda masu dogon barci a cikin ƙwanso. Kuma da kin ji ƙamshin ruwan farko na baɗi, ki ɗauko matajinki ki duba ta, musamman in mai tsallaka katanga ce zuwa maƙwabta.